Zama 20 Maimakon 30: Yadda Muka Bi Gajeren Gashin Sankarar Huhu

Ranar da likitan gashi, wato mai maganin sankara da hasken inji, ya rubuta wa mahaifinmu "55 Gy, zama 20" a takarda, da mummunar fahimta muka fito daga ɗakinsa. Mun riga mun ji daga bakin masu jinya a wurin jira cewa gashin sankarar huhu mako shida ake yi, zama 30 ko 33, sai ga namu mako huɗu kacal. Abin da ya zo mana a rai shi ne, ko dai an ga Baba ba mai tashi ba ne ana neman a sallame mu, ko kuma an yanke masa rabo ne saboda layin injin ya yi tsawo. Kwana biyu muka yi cikin wannan zullumi, alhali tambaya ɗaya ta isa ta warware shi. Shi ya sa na ga ya kamata in jera yadda abin yake tun daga farko, ko wani ya huta da ruɗanin da muka shiga.

Abin ya fara da tarin da ya ƙi tafiya har wata uku, da rama, daga baya kuma ɗigon jini a majina. Alamun sun yi kama da na tarin fuka, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata watanni. In gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ko an fara maganinsa amma ba sauƙi, a matsa a yi hoton CT na ƙirji. Namu ya nuna ƙari a saman huhun dama, da kaluluwar tsakiyar ƙirji da ta kumbura. Hoto kaɗai ba ya tabbatar da sankara, sai an gutsuro nama an duba. An yi wa Baba wannan ta hanyar da ake kira EBUS: ana zura siririn bututu ta baki zuwa hanyar iska, a bakinsa akwai ƙaramar na'urar sikanin da ke nuna kaluluwar, sai a soka allura a tsotso abin gwaji. An hana shi abinci tun dare, an fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, an ba shi na sa gyangyaɗi, aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma a ranar muka koma. Sakamako ya ɗauki kwana goma. Wannan jiran ya fi aikin kansa wahala.

Takardar ɗakin gwaji ta ce sankarar huhu ce ta nau'in da ba na ƙananan ƙwayoyi ba, wanda ake taƙaitawa da NSCLC, kuma shi ne mafi yawa a cikin masu wannan ciwo. Duk bayanin da zan yi a kan wannan nau'in ne, domin ɗaya nau'in tsarin gashinsa daban ne. Tun daga nan a buɗe jaka guda ta takardu: sakamakon naman, takardar turawa daga likita zuwa likita, gwaje-gwajen jini, sunayen duk magungunan da mara lafiya ke sha, da hotunan kansu a faifai ko a filashi. Rubutaccen rahoton hoto bai wadatar da sashen gashi ba, ainihin hoton suke so su ɗora a kwamfutarsu. Mu sai da muka yi tafiya biyu saboda rashin sanin wannan.

Sai matakin tantance iya inda ciwon ya kai. An yi hoton da ke duba duk jiki, wanda ake kira PET-CT: awa 6 ba abinci sai ruwa zalla, a auna sukari a yatsa, a yi allurar wani sukari mai alamar haske, mutum ya kwanta shiru na awa ɗaya ba hira ba yawo, sannan a ɗauki hoton cikin kamar rabin awa. Mai ciwon suga ya faɗa tun wajen karɓar rana, don in sukarinsa ya hau za a iya ɗage aikin. An kuma yi hoton MRI na ƙwaƙwalwa, saboda PET ba ya ganin can da kyau kuma sankarar huhu na yawan zuwa wurin ba tare da alama ba. Duka biyun sun nuna ciwon bai bar ƙirji ba. Wannan shi ne mataki na 3: ya wuce huhu ya kama kaluluwa ko abin da ke maƙwabtaka, amma bai bazu zuwa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa ba. A wannan matakin har yanzu da niyyar warkarwa ake yin magani, kuma ya kamata a ji wannan kalmar daga bakin likita ƙarara, domin akwai wani gashin na rage raɗaɗi kawai, mai zama 1 zuwa 10 ko kaɗan fiye da haka, wanda mutane ke rikita shi da wanda nake magana a kai.

Gwajin ƙarfin huhu ya biyo baya, inda ake toshe hanci a hura iska cikin bututu da iyakar ƙarfi. Lambobi biyu likitoci ke dubawa: FEV1, wato iskar da ke fita a daƙiƙar farko, da DLCO, wato yadda iska ke ratsawa zuwa jini. Daga nan likitocin tiyata, na magani, na gashi da na hoto suka zauna a kan fayil ɗin ba tare da mu ba. Suka ce tiyata ba za ta yiwu ba saboda inda kaluluwar take. Abin da aka fi so ga mai ƙarfi a jika shi ne a haɗa kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sawa a jini, da gashi a lokaci guda, domin nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2010 ya nuna haɗawar na ƙara yawan waɗanda ke kai shekara biyar da kamar kashi 4.5 cikin ɗari idan aka kwatanta da yin su ɗaya bayan ɗaya, sai dai ciwon haɗiya mai tsanani na ninkuwa sosai. Baba yana da shekara 71, ƙodarsa ta ɗan yi rauni, ya rame, kuma a ma'aunin kuzari na ECOG mai lamba 0 zuwa 5, inda 0 ke nufin cikakken kuzari, yana tsakanin 1 da 2. Aka yanke a yi masa kimo tukuna da maganin carboplatin, zagaye huɗu, mako uku-uku tsakani, sannan gashi. Ban da abin faɗa mai yawa kan kimon sai abu ɗaya: zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni bayan kimo ba a kwana da shi a gida.

Tun yana zagaye na uku aka tura mu sashen gashi, kuma hakan daidai ne, don kada a gama kimo a zauna jiran layi ciwon na sake girma. A nan muka ga lambar da ta tayar mana da hankali. Da muka koma muka tambaya, likitan ya jawo takarda ya ce, "Baba, ba a rage maka komai ba, kason kowace rana ne aka ƙara." Gy shi ne ma'aunin hasken da nama ke sha, ana furta shi gire. A tsarin da aka saba, ana ba da gire 2 a rana har zama 30, jimla 60, ko zama 33, jimla 66. A gajeren tsari ana ba da 2.75 a rana har zama 20, jimla 55. Kaso babba ya fi ƙarami illa ga ƙwayar sankara fiye da yadda lissafin tarawa ke nunawa, don haka 55 ɗin nan a aikace tana daidai da kusan 58 na tsarin gire 2. Ɗan abin da ya rage kuma lokaci ne ke cike shi: bayan mako uku zuwa huɗu da fara gashi, ƙwayoyin da suka tsira kan ƙara saurin hayayyafa, saboda haka wanda ya gama a kwana 26 ya ba su ɗan lokaci idan aka kwatanta da wanda ya kai kwana 40. Wannan tsari na zama 20 an daɗe ana amfani da shi a Birtaniya, kuma gwajin SOCCAR, wani bincike a kan marasa lafiya da aka wallafa a 2014, ya gwada shi tare da kimo da kuma bayan kimo. A 2020, lokacin korona, asibitoci da yawa a duniya sun koma ga gajerun tsare-tsare don rage zirga-zirgar marasa lafiya.

Akwai wanda ya fi wannan gajarta, gire 60 a zama 15, wato 4 a rana na mako uku. Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2021 ya kwatanta shi da zama 30 a kan waɗanda ba za su iya ɗaukar kimo tare da gashi ba. Bai fi tsohon tsarin tsawaita rai ba, sakamakon ya yi kusa da juna, matsakaitan illoli kuma sun ɗan fi yawa. Amfaninsa rage wahalar zuwa ne, kuma ba a saba haɗa shi da kimo a lokaci ɗaya ba. Ba a zaɓa wa Baba shi ba saboda kaluluwarsa na manne da bututun abinci, kuma babban kaso a kusa da bututun abinci, babbar hanyar iska ko manyan jijiyoyin jini yana da haɗari. Ga mai tunanin cewa yawan lamba shi ne alheri: gwajin RTOG 0617 ya kwatanta gire 74 da 60, waɗanda aka ba 74 suka fi saurin rasuwa, matsakaicin rayuwarsu wata 20 da 'yan kwanaki, na 60 kuma kusan wata 29.

A wannan zaman aka sa hannu a takardar amincewa. A karanta ta, a kuma faɗi abubuwa uku ko ba a tambaya ba: in akwai na'urar daidaita bugun zuciya a jiki, in an taɓa yin gashi a ƙirji, da in an taɓa cewa mutum na da ciwon da ke sa huhu tauri da tabo, domin masu wannan ciwon gashi na iya yi musu mummunar illa. Daga nan muka wuce ofishin kuɗi. Lissafin kashi-kashi ne: hoton shiri, tsara gashin a kwamfuta, zaman gashin, ganin likita na mako-mako, sai magunguna. Wasu wuraren da yawan zama suke caji, wasu dunƙule, kuma salon gashin na zamani ya fi na da tsada. A nemi lissafin a rubuce, a tambaya ko sake hoton shiri a tsakiyar aiki na ciki, mai inshora kuma ya fara neman amincewar kamfani tun ranar, domin ita ce ke yawan jinkirta farawa. Inda gajeren tsari ya fi sauƙaƙa wa iyali shi ne kuɗin mota, masauki da ranakun aikin mai rakiya: tafiya goma ta ragu.

Hoton shiri ba gashi ba ne, ko da yake yawancin mutane na zaton ranar za a fara. An kwantar da Baba rigingine a kan gado mai tauri, hannaye biyu sama da kai yana riƙe da maƙalai, an sa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Mai ciwon kafaɗa ya sha maganin ciwo kafin ya zo, ya kuma faɗa in kwanciyar ba za ta jure masa ba, don yadda aka kwanta ranar haka za a riƙa kwanciya har zama 20. An ɗora masa wani ɗan akwati a ciki da ke bin numfashinsa, aka ɗauki CT mai nuna yadda ƙarin ke hawa da sauka, saboda ƙari a huhu na motsi, wani har fiye da santimita ɗaya. An yi masa allurar ruwan da ke fito da jijiyoyi a hoto bayan an duba gwajin ƙoda. A ƙarshe aka yi masa ɗigo uku na dindindin a fata, ɗaya a tsakiyar ƙirji, biyu a gefe, kowanne bai fi tsinin biro ba. Duka minti 40.

Sai jiran kwana goma, wanda muka ɗauka sakaci ne, ashe aiki ake yi. Likita na zana iyakar ƙarin da kaluluwar a kan hoton yanki bayan yanki, ya kuma zana abin da ake son karewa: sauran huhu, zuciya, bututun abinci da lakar baya. Masana lissafin haske su tsara ta inda hasken zai shiga. Ɗaya daga cikin iyakokin da ake kiyayewa shi ne kada ɓangaren huhun da ke shan gire 20 ko fiye ya wuce kamar kashi 35 cikin ɗari. In tsarin ya kasa cika irin waɗannan sharuɗɗa, a kan sake shi, ko a koma ga ƙananan kaso. Sannan a gwada tsarin a kan injin ba tare da mutum ba. Abin da ya dace a sa wa ido a nan shi ne kada tazarar ta zarce mako biyu zuwa uku ba bayani, don hoton da ya tsufa ba ya nuna gaskiyar girman ciwon.

Ranar farko ta fi tsawo, kamar minti 30, sauran kuma 15 zuwa 20, Litinin zuwa Juma'a. Ana daidaita ɗigon nan da layukan haske ja ko kore da ke fitowa daga bango, ma'aikata su fita, injin ya zagaya sau ɗaya ya ɗauki hoto, a gyara gadon da 'yan milimita, sannan a saki hasken na minti biyu zuwa biyar. Ba zafi, ba a ganin komai, sai ƙarar injin. Suna kallo ta kyamara kuma suna ji, in tari ya taso a yi magana a tsayar. Kalmar gashi ta sa Baba ya shiga da tsoron wuta, ya fito yana tambaya ko an fara. Mutum ba ya fitowa da haske a jikinsa, zai iya ɗaukar jikoki ya kwana ɗaki ɗaya da kowa. Jiran layi shi ne ba shi da tabbas: wata rana minti goma, wata rana awa biyu.

Makon farko ba abin da ya canza sai ɗan ƙarin tari. A ƙarshen mako na biyu ya fara cewa abinci na tsaya masa a ƙirji. Wannan kumburin bututun abinci ne, kuma shi ne babbar illar wannan gashin. Kuskurenmu shi ne mun bari sai ranar ganin likita, kwana huɗu yana rage ci. Da an faɗa wa ma'aikatan injin da a ranar za su haɗa mu da nas. An ba shi paracetamol mai narkewa a ruwa, da wani ruwan magani mai kashe zafi da ake sha minti 15 kafin abinci, da omeprazole don tsamin ciki. A mako na huɗu sai da aka ƙara ruwan morphine, tare da maganin sassauta bayan gida, domin morphine na ɗaure ciki. An duba bakinsa aka ga farin fungas, aka ba shi maganinsa, zafin ya ragu sosai. Abinci kuwa mai laushi, mai ruwa-ruwa, ba zafi ba yaji ba tsami, kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a rana, da ruwa a kai a kai. Ana auna nauyi kowane mako, kuma ba don al'ada ba: in mutum ya rame sosai, ko huhun da ya toshe ya buɗe, siffar ƙirji ta canza, dole a sake hoton shiri. Fatar wurin, gaba da baya, ta ɗan yi duhu; sabulu mara ƙamshi da man shafawa mara turare sun isa, ban da gurzawa. Taba kuma dole a bar ta, don tana rage tasirin gashin tana ƙara illarsa.

A zama na 13 injin ya lalace, aka ce mu koma gida. A nan ne na gane nauyin rana ɗaya a gajeren tsari: kowane zama kashi 5 cikin ɗari ne na dukan maganin, kuma amfanin tsarin ya dogara ne kan a gama cikin lokaci. Ba a yafe zaman da aka rasa, ba a kuma son a jera su a ƙarshe har aikin ya zarce da fiye da kwana biyu. Hanyoyin ramawa su ne a yi ranar hutun mako, a koma wani injin mai irin aikinsa, ko a yi zama biyu a rana ɗaya da tazarar aƙalla awa 6, in likita ya ga girman kason ya ba da dama. Mu ranar Asabar aka rama mana. In ba a ce komai ba, a tambaya, kuma tun kafin a fara a duba ko akwai ranakun hutun gwamnati a cikin makonni huɗun. Gajiya ko ciwon haɗiya ba dalilin zama a gida ba ne. A zo a faɗa, su yanke.

Mun yi zaton ranar zama na 20 wahala ta ƙare. Kwana goman da suka biyo baya su ne mafi tsanani, domin illar gashi na ci gaba da hawa bayan an tsaya, kuma a gajeren tsari ƙololuwarta kan faɗo lokacin da mutum ya daina zuwa asibiti kullum. Kafin a bar sashen a karɓi maganin da zai kai mako uku, lambar wayar da za a kira, da takardar taƙaita abin da aka yi, mai nuna jimlar gire, yawan zama da ranakun farawa da gamawa. Wanda ya kasa haɗiyar ruwa na yini guda asibiti zai koma. Haɗiyar Baba ta fara dawowa a mako na uku, gajiyar kuma ta kai wata biyu.

A zaman bibiya na mako shida muka yi maganar durvalumab, maganin ƙarfafa garkuwar jiki da gwajin PACIFIC na 2017 ya nuna amfaninsa idan aka ba da shi har shekara ɗaya bayan kimo da gashin da aka haɗa, ana farawa cikin kwana 42 da gamawa. Ƙa'idar samunsa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai sai gwajin PD-L1, wani sinadari da ake dubawa a jikin ƙwayoyin sankarar, ya kai kashi 1 cikin ɗari. Ga waɗanda namansu ya nuna canji a ƙwayar halittar da ake kira EGFR kuma, gwajin LAURA na 2024 ya nuna amfanin ƙwayar maganin osimertinib. Baba bai shiga ko ɗaya ba. Amma wannan magana ce da ya kamata a yi tun kafin a fara gashi, a kuma tabbatar an yi waɗannan gwaje-gwajen a kan naman farko, don kwana 42 ba su da yawa.

Mako tara bayan gamawa ya fara busasshen tari, da haki in ya ɗan yi tafiya, da ɗumin jiki da yamma. Wannan kumburin huhu ne da gashi ke jawowa, yakan zo tsakanin wata ɗaya zuwa shida. Yana kama da ciwon sanyin ƙirji, shi ya sa wanda bai san tarihin mutum ba zai yi ta ba da maganin ƙwayoyin cuta ba sauƙi. Takardar taƙaitawar nan ce ta taimake mu. An auna iskar jininsa a yatsa a zaune da bayan tafiya, an yi CT don a kawar da zargin gudan jini a huhu da dawowar ciwon, aka ga hazo daidai inda hasken ya bi. An sa shi a kan prednisolone, maganin rage kumburi, ana ragewa sannu a hankali har kusan mako takwas, ana duba sukarinsa. Ba a yanke wannan magani farat ɗaya ko an ji sauƙi, don kumburin na dawowa.

Da za a sake, tambayoyin da zan yi a zaman farko su ne: niyyar warkarwa ce ko rage raɗaɗi, gire nawa a zama nawa kuma me ya sa aka zaɓi wannan, me ke kusa da ƙarin da zai iya shan illa, yaya ake rama ranar da aka rasa, wa za a kira da dare. Zan kuma sa mutum ɗaya ya riƙe jakar takardu da littafin rubuta nauyi, zafin jiki da abin da aka ci, domin in 'yan rakiya na canzawa bayani na zubewa a hanya. A ganina, wanda likitansa ya ce gajeren tsari ya dace da shi bai kamata ya nace sai zama 30 ba, haka wanda aka ce ƙarinsa na wuri mai haɗari kada ya matsa a taƙaita masa don sauƙin tafiya.

Hoton CT na wata uku ya nuna ƙarin ya ragu da fiye da rabi, kaluluwar ta koma daidai, da tabo a saman huhun dama. Rahoton ya ambaci tabon da kalmomin da suka firgita mu, likita ya ce abin da ake sa ran gani ne, kuma zai iya ci gaba da canza siffa har shekara ɗaya ko biyu, shi ya sa ake kwatanta kowane sabon hoto da na baya. An ba mu ranar wani hoton bayan wata uku, aka ce mu zo da faifan wannan.